Zafin ƙarƙashin ƙasa: Daga ina yake fitowa?

Da asubahi a watan Janairu, lokacin da hunturu ya kankama a ƙauyukan Bichi da Dambatta da Makoɗa da Kunci, duk wanda ya jefa guga a rijiya zai ji ruwan da ya jawo da ɗumi. Ruwan da ya kwana cikin randa a tsakar gida kuwa, da ƙyar hannu ke iya taɓa shi saboda sanyi.

Masu haƙar rijiya su ma sukan ba da labarin gumin da ke keto musu a can ƙasa, alhali masu jan ƙasar a sama suna lulluɓe da mayafi.

Wannan ne ya sa mutane da dama ke tambaya ko akwai wuta a ƙarƙashin ƙasa, kuma idan akwai, me ke rura ta. Wasu ma kan danganta tsananin zafin bazara da wannan wuta.

Masana kimiyyar ƙasa sun ce lallai akwai zafi mai tsanani a can ciki, wanda a cibiyar duniya ya haura digiri 5,000 a ma'aunin Salshiyas, kusan daidai da zafin fuskar rana.

Sun kuma ce tushensa biyu ne: ragowar zafin da duniya ta taso da shi tun farkon samuwarta, da kuma zafin da wasu sinadarai da ke cikin duwatsu ke fitarwa sannu a hankali har yau.

To sai dai ɗumin ruwan rijiya yana da nasa bayanin dabam.

Ɗumin rijiya daga rana yake

Ƙasa ba ta saurin ɗaukar zafi, ba ta kuma saurin sakinsa.

Zafin tsakar rana da ke hana tafiya ba takalmi a kan rairayi ba ya ratsawa fiye da zurfin kamu ɗaya ko biyu. Bambancin da ke tsakanin bazara da hunturu kuwa yakan ɓace baki ɗaya idan aka kai zurfin mita 10 zuwa 20.

A wannan zurfi, ƙasa da ruwan da ke cikinta suna zama ne a kan matsakaicin zafin shekara na yankin, wanda a Kano ya kai kimanin digiri 26, ko ya ɗara kaɗan.

Saboda haka idan iskar asubahi ta sauka zuwa digiri 13 ko 14 a hunturu, sai a ji ruwan rijiya da ɗumi. Idan kuma zafi ya kai digiri 40 a watan Afrilu, sai a ji wannan ruwan da sanyi. Ruwan yana nan kusan yadda yake, iskar da ke waje ce ta sauya.

Sai an wuce wannan zurfi sannan zafin da ke tasowa daga ciki yake fara bayyana. A yawancin sassan duniya, zafi na ƙaruwa da digiri 25 zuwa 30 a kowane kilomita guda da aka nutsa, wato kimanin digiri ɗaya a kowane mita 40.

Ke nan rijiyar burtsatse mai zurfin mita 60 ba ta samun ƙarin da ya wuce digiri ɗaya da rabi. Kafin a kai inda zafin dutse zai iya tafasa ruwa, sai an haƙa kimanin kilomita 3.

Iyakar inda ɗan Adam ya kai

Masu haƙar ma'adinai sun daɗe da sanin wannan ƙari na zafi. A mahaƙar zinariya ta Mponeng da ke Afirka ta Kudu, wadda zurfinta ya kai kimanin kilomita 4, zafin dutse ya haura digiri 60, kuma sai an riƙa tura ƙanƙara da iska mai sanyi kafin ma'aikata su iya aiki.

Rami mafi zurfi da aka taɓa haƙawa kai tsaye zuwa ƙasa shi ne na yankin Kola a arewacin Rasha. Tsohuwar Tarayyar Sobiyat ta fara aikin a shekarar 1970, kuma a 1989 aka kai zurfin mita 12,262.

A gindin ramin an tarar da zafin digiri 180, fiye da abin da aka yi tsammani, kuma wannan na daga cikin dalilan da suka sa aikin ya tsaya.

Amma daga doron ƙasa zuwa cibiyar duniya tafiyar kilomita 6,371 ce. Ramin Kola bai kai kashi ɗaya cikin 500 na wannan nisa ba.

Abin da aka sani game da sauran tafiyar, an samo shi ne akasari daga girgizar ƙasa. Duk lokacin da ƙasa ta girgiza, motsin kan ratsa ta cikin duniya ya ɓulla a wasu nahiyoyi, inda na'urori ke auna lokacin isowarsa. Saurin motsin ya danganta da irin abin da ya ratsa, kamar yadda mai sayen tukunya kan ƙwanƙwasa ta ya gane lafiyarta daga amonta.

Ta wannan hanya ce masanin Ingila Richard Oldham ya nuna a 1906 cewa duniya tana da cibiya ta dabam. A 1936 kuma wata masaniya 'yar ƙasar Denmak, Inge Lehmann, ta gano cewa akwai wata ƙaramar cibiyar a cikin babbar.

Tsarin ya yi kama da na ƙwai. Akwai ɓawo, wanda kaurinsa a ƙarƙashin nahiyoyi yake tsakanin kilomita 30 da 50, a ƙarƙashin teku kuwa bai fi kilomita 10 ba. Sai sashen tsakiya na dutse mai zafi, wanda ya nutsa har zuwa kilomita 2,900. Sai gwaiduwa, wadda akasarinta ƙarfe ne: na wajenta narkakke, na tsakiyarta kuma daskararre saboda tsananin nauyin da ya danne shi.

Tushe na farko: ragowar zafin asali

Masana sun ƙiyasta shekarun duniya a kan kimanin biliyan 4 da rabi. Ba'amurke Clair Patterson ne ya fitar da wannan adadi a 1956, bayan ya auna darma da ke cikin duwatsun da suka faɗo daga sararin samaniya.

A cewarsu, duniya ta haɗu ne daga ƙura da duwatsu da ke kewaya rana, waɗanda suka riƙa karo da juna suna mannewa. Kowane karo yana haifar da zafi, kamar yadda ƙarfe ke ɗaukar zafi idan maƙeri ya yi ta dukansa a kan uwar maƙera, ko da bai sa shi a wuta ba.

Da duniya ta girma, sai nauyinta ya matse cikinta, zafin ya ƙaru. Masana da yawa na ganin cewa a wancan zamani wani abu mai girman duniyar Mars ya yi karo da ita, ya narkar da mafi yawanta, kuma daga ɓaraguzan wannan karo ne wata ya samu.

A cikin wannan narkakkiyar duniya, abubuwa masu nauyi sun nutse, marasa nauyi sun taso, tamkar yadda tsakuwa ke kwantawa a gindin ƙwarya idan mace tana rege shinkafa. Ƙarfe ya gangara zuwa tsakiya, kuma gangarowar ƙarfe mai yawa haka ta tsawon dubban kilomitoci ta sake haifar da wani zafin.

Dalilin da ya sa wannan zafi bai ƙare ba shi ne girman duniya da kuma yanayin dutse. Malmalar tuwo kan huce a baya, amma idan aka gutsura a tarar da cikinta da zafi, kuma babbar malmala ta fi ƙarama daɗewa ba ta huce ba. Dutse kuma ba ya barin zafi ya ratsa shi da sauri, don haka ɓawon duniya ya zame mata bargo.

An ƙiyasta cewa sashen tsakiyar duniya na hucewa ne da abin da bai fi digiri 100 ba a cikin shekaru biliyan guda.

Akwai kuma wani ƙarin. Yayin da cibiya ke hucewa, narkakken ƙarfen yana daskarewa a jikin ƙwallon tsakiya, wanda ke ƙara kauri da kimanin milimita ɗaya a shekara. Ƙanƙara sai ta sha zafi take narkewa. Haka nan duk abin da ke daskarewa sai ya saki zafin da ya riƙe. Wannan zafi da ƙarfen ke saki yana taimakawa wajen motsa narkakken ƙarfen da ke kewaye da shi.

Muhawarar da ta kai ga tushe na biyu

A shekarar 1862, fitaccen masanin kimiyyar nan na Birtaniya William Thomson, wanda daga baya aka fi sani da Lord Kelvin, ya yi lissafin tsawon lokacin da narkakkiyar duniya za ta ɗauka kafin ta huce zuwa yadda take. Ya ce shekarunta na tsakanin miliyan 20 da miliyan 400, daga bisani kuma ya rage adadin zuwa tsakanin miliyan 20 da 40.

Masu nazarin duwatsu ba su yarda ba. Sun ce wannan lokaci ya yi kaɗan ga zaizayar tsaunuka da taruwar laka da suke gani a fili. Amma ba su da amsar da za su ba lissafin Kelvin.

Abubuwa biyu ne lissafin bai yi la'akari da su ba.

Na farko, tsohon mataimakinsa John Perry ya nuna shi a 1895, inda ya ce idan cikin duniya yana motsi, to zai riƙa kawo zafi daga ƙasa zuwa sama, kuma lissafin zai sauya ƙwarai. A lokacin ba a saurare shi sosai ba, amma bincike ya gaskata shi daga baya.

Na biyu ya fito ne daga Faransa. A 1896 Henri Becquerel ya gano cewa sinadarin yuraniyom na fitar da wani irin haske da ido ba ya gani. A 1903 kuma Pierre Curie da Albert Laborde suka nuna cewa sinadarin radiyom na fitar da zafi da kansa ba dare ba rana, ba tare da an ƙona komai ba.

Bayanin shi ne, ƙwayoyin zarra na wasu sinadarai ba su da tabbas. Daga lokaci zuwa lokaci ɗaya daga cikinsu kan fashe ta rikiɗe zuwa wani sinadarin, ta harba ɗan ɓurɓushi da ƙarfi. Idan ɓurɓushin ya bugi dutsen da ke kewaye, sai ƙarfinsa ya koma zafi.

Manomi ya san cewa tsibin takin gargajiya kan ɗau zafi daga cikinsa ba tare da an kunna masa wuta ba. Abin da ke faruwa a cikin dutse ya sha bamban da ruɓewar taki, amma ta fuska ɗaya sun yi kama: zafin daga cikin abin kansa yake fitowa.

Sinadarai uku ne ke ɗauke da kusan dukkan wannan aiki a yau: yuraniyom da toriyom da wani nau'i na fotasiyom.

Kowannensu yana da nasa saurin rikiɗa. Nau'in yuraniyom mai lamba 238 na ɗaukar kimanin shekaru biliyan 4 da rabi kafin rabinsa ya rikiɗe. Toriyom na ɗaukar shekaru biliyan 14. Fotasiyom mai lamba 40 na ɗaukar shekaru biliyan 1 da miliyan 250. Yuraniyom mai lamba 235 kuwa, shekaru miliyan 700 kawai yake ɗauka, shi ya sa ya yi ƙaranci a yanzu.

Wannan na nufin cewa a farkon duniya zafin da sinadaran ke bayarwa ya ninka na yau sau huɗu zuwa biyar, kuma yana ci gaba da raguwa.

Sinadaran ba baƙi ba ne a ƙasar Hausa da maƙwabtanta. Yuraniyom shi ne ma'adinin da aka fara haƙa a Arlit da ke arewacin Nijar a 1971. Fotasiyom kuwa shi ne harafin K da ke jikin buhun takin NPK, yana kuma cikin tokar murhu da manoman Kano ke kaiwa gona. Sai dai nau'in da ke fitar da zafi bai wuce kimanin ƙwaya ɗaya cikin 8,500 na fotasiyom ba, don haka babu wata illa da taki ko toka ke yi ta wannan fuska.

A cikin dutsen giranit, irin wanda ake fasawa a yi tsakuwar gini, yuraniyom bai fi giram 3 zuwa 5 a kowane tan ba. Zafin da tan guda ke bayarwa hannu ba zai taɓa jin sa ba. Yawan dutsen da ke cikin duniya ne ya mai da shi abin lissafi.

Yadda aka auna rabon kowanne

An auna zafin da ke fita daga ƙasa a dubban wurare, a cikin rijiyoyin burtsatse da mahaƙai da ƙarƙashin teku. Wani nazari da aka wallafa a 2010, wanda ya tattara ma'aunai fiye da 38,000, ya nuna cewa jimillar zafin da duniya ke fitarwa daga cikinta ta kai kimanin megawat miliyan 47.

Idan aka kwatanta da megawat 4,000 zuwa 5,000 da babban layin wutar lantarki na Najeriya ya saba rarrabawa, ya ninka shi kusan sau 10,000.

Tambayar da ta rage ita ce nawa ne daga ragowar zafin asali, nawa ne kuma daga sinadarai.

Duk lokacin da ƙwayar yuraniyom ko toriyom ta rikiɗe, akan sami wasu ƙananan ƙwayoyi da ake kira nutirino, waɗanda ke iya ratsa duniya baki ɗaya ba tare da wani abu ya tare su ba. Kama su na da wuya matuƙa, amma idan an kama, suna ba da labarin yawan sinadaran da ke ciki.

A 2005 wata na'ura mai suna KamLAND, da aka girke a cikin wata tsohuwar mahaƙa a Japan, ta zama ta farko da ta kama irin waɗannan ƙwayoyi masu fitowa daga cikin duniya. A 2010 na'urar Borexino da ke ƙarƙashin tsaunin Gran Sasso a Italiya ta tabbatar da hakan.

A 2011 masu binciken KamLAND suka ƙiyasta cewa yuraniyom da toriyom na bayar da kimanin megawat miliyan 20. Ke nan, a taƙaice, kusan rabin zafin daga sinadarai yake, ɗaya rabin kuma ragowa ne daga farkon duniya. Masana na ci gaba da muhawara a kan ainihin adadin, kuma ana sa ran wata babbar na'ura mai suna JUNO, da ta fara aiki a kudancin ƙasar Sin a 2025, za ta ƙara daidaita shi.

Nawa ke isowa gonar manomi?

Megawat miliyan 47 adadi ne mai girma, amma ya bazu ne a kan fuskar duniya baki ɗaya.

A kan nahiyoyi, matsakaicin abin da ke fita daga hekta guda bai fi wat 600 zuwa 700 ba. Dutsen guga na lantarki guda ɗaya ya fi haka cin wuta.

Rana kuwa, idan ta take tsaka a sararin da babu gajimare, takan sauke kimanin wat miliyan 10 a kan wannan hekta ɗin.

Saboda haka zafin da ke ƙona shuka idan ruwa ya ɗauke a watan Yuni, da wanda ke busar da fadama tun kafin bazara ta yi nisa, daga sama yake zuwa. Haka nan ɗumamar yanayi da ake fama da ita a yankin Sahel da sauran duniya ba ta da alaƙa da zafin ƙarƙashin ƙasa, wanda bai sauya ba a tsawon tarihin ɗan Adam. Masana sun danganta ɗumamar ne da hayaƙin da ake fitarwa daga ƙona man fetur da kwal da iskar gas, da kuma sare dazuzzuka.

Aikin da zafin ciki ke yi na dogon zango ne.

Sashen tsakiyar duniya ba tafkin wuta ba ne kamar yadda ake zato. Dutse ne daskararre, amma saboda zafi yana malala a hankali, mai zafi na tasowa, wanda ya huce na nutsewa, kamar talge a tukunya. Bambancin shi ne tafiyar ba ta wuce 'yan santimitoci a shekara ba, kwatankwacin tsirowar farce.

Wannan motsi ne ke tafiyar da manyan faya-fayan da ɓawon duniya ya kasu zuwa gare su. Shi ya raba Afirka da Kudancin Amurka fiye da shekaru miliyan 100 da suka wuce, kuma har yau tekun Atlantika na ƙara faɗi. Kwarin Binuwai tsaga ce da ta buɗe a wancan lokaci amma ba ta kai ga zama teku ba.

Motsin narkakken ƙarfen cibiya kuwa shi ke samar da maganaɗisun duniya, wanda ke juya allurar kamfas da ake neman alƙibla da ita, yake kuma kare duniya daga wasu ƙwayoyi masu illa da rana ke fesowa.

Alamunsa a ƙasar Kano

A ƙarƙashin gonakin gero da dawa da gyaɗa na mafi yawan jihar Kano akwai tsoffin duwatsu masu tauri, waɗanda kan leƙo a wurare a matsayin falalen dutse ko tsauni.

Da yawa daga cikinsu giranit ne da ya samu kimanin shekaru miliyan 600 da suka wuce, lokacin da wasu faya-fayan ƙasa suka yi karo suka tayar da jerin tsaunuka daga Hoggar a Aljeriya har zuwa gaɓar tekun Najeriya. Dutsen ya narke a zurfin kilomitoci da dama, ya huce a hankali, sannan zaizaya ta kwashe tsaunukan da ke kansa. Abin da ake takawa a yau saiwar waɗancan tsaunuka ce.

A Riruwai da ke ƙaramar hukumar Doguwa, a kudancin jihar, akwai wani giranit ɗin da ya fi wannan ƙuruciya. Ragowar tsohon dutse mai aman wuta ne, ɗaya daga cikin jerin irinsa da ya taso daga tsaunukan Azbin a Nijar ya bi ta Damagaram har zuwa Jos. Ruwan zafi da ya ratsa dutsen a wancan zamani ne ya tara kuzar da aka daɗe ana haƙa a can, kuma giranit ɗin Riruwai na cikin waɗanda aka san su da yawan yuraniyom da toriyom.

Wannan tarihi ya shafi ruwan sha kai tsaye. Giranit ba shi da ƙofofin da ruwa zai zauna a ciki kamar yashi. Ruwa na taruwa ne kawai a inda saman dutsen ya ruɓe, ko inda ya tsattsage.

Shi ya sa a ƙauye guda a yankin Bichi ko Tsanyawa za a iya haƙa rijiyar burtsatse a sami ruwa, a matsa 'yan mitoci ɗari a haƙa wata a tashi a tutar babu. A yankin da jama'a suka yi yawa, gona na jikin gona, kuɗin haƙa kuma sau da yawa na karo-karo ne, wannan asara ce babba. Don haka ne masana ke ba da shawarar a auna ƙasa da na'ura a gano inda tsagar take kafin a kira motar haƙa.

Idan aka nufi arewa maso gabas zuwa Gumel da Haɗeja a jihar Jigawa kuwa, dutsen na nutsewa ƙarƙashin yashi da yumɓu na kwarin Cadi, inda samun ruwa ya fi sauƙi.

Maɓuɓɓugan ruwan zafi da aman wuta

Inda zafin ciki ya fi fitowa fili a arewacin Najeriya shi ne maɓuɓɓugan ruwan ɗumi. Ruwan Wikki da ke gandun dajin Yankari a jihar Bauchi na fitowa da zafin digiri 31 dare da rana, rani da damina. Akwai kuma Ruwan Zafi a Lamurde ta jihar Adamawa, da Ikogosi a jihar Ekiti, da Tafadek a arewa da Agadas, inda mutane ke zuwa wanka don neman lafiya.

A yawancin irin waɗannan wurare ruwan sama ne ke nutsewa can ƙasa, ya ɗauki zafin dutse, sannan ya sami tsaga ya taso da sauri kafin ya huce.

Duwatsu masu aman wuta na tsaunukan Jos da Biyu sun daɗe da yin shiru. Na Kamaru kuwa suna raye: Dutsen Kamaru ya yi aman wuta a 1999 da 2000. A ranar 21 ga watan Agustan 1986 kuma, iskar da ta taso daga narkakken dutse ta taru a gindin tafkin Nyos ta fashe cikin dare, ta hallaka mutane fiye da 1,700 da dubban dabbobi.

Najeriya na zaune ne nesa da bakin faya-fayan ƙasa, inda manyan girgizar ƙasa suka fi aukuwa. Duk da haka akan ji ƙananan motsi, kamar wanda aka ji a Kwoi ta jihar Kaduna a 2016, da na Mpape a Abuja a watan Satumbar 2018. Akwai cibiyar da ke sa ido a kan irin wannan motsi a garin Toro na jihar Bauchi.

Ko za a iya samun lantarki daga gare shi?

An fara samar da lantarki daga tururin ƙarƙashin ƙasa a Larderello ta Italiya a 1904. A Afirka, Kenya ce kan gaba: ta buɗe tasharta ta farko a Olkaria a 1981, kuma a shekarun baya-bayan nan kimanin kashi 40 cikin 100 na wutar da take samarwa daga wannan hanya yake fitowa. A ƙasar Aisland kuwa, gidaje tara cikin goma da ruwan zafin ƙasa ake ɗumama su.

Amma waɗannan ƙasashe na zaune ne a inda ɓawon duniya ke tsagewa, narkakken dutse kuma ya matso kusa da sama. A Olkaria, rijiya mai zurfin kilomita 2 zuwa 3 kan tarar da zafin da ya haura digiri 250.

Ƙarƙashin Kano tsohon dutse ne da ya daɗe da hucewa. Kafin a kai zafin da zai juya injin lantarki sai an haƙa kilomitoci da dama cikin giranit, aikin da ke cin kuɗi mai yawa. Wasu kamfanoni a Amurka da Turai na gwada sabbin dabarun haƙa don cin moriyar irin wannan busasshen dutse mai zafi, kuma idan farashin ya sauko, lissafin na iya sauyawa.

A halin yanzu dai, masu binciken Najeriya sun fi mai da hankali ne a kan kwarin Binuwai da kwarin Cadi da wuraren da ke da maɓuɓɓugan ruwan zafi.

A ƙauyukan arewacin Kano kuwa, faifan sola da ke kan rijiyar burtsatse a tsakar gari na samun ƙarfi daga rana fiye da abin da ƙasar da ke ƙarƙashinsa ke fitarwa sau dubbai. Shi ke jawo ruwan da ke kwance a tsagar dutsen da zafin ciki ya narkar shekaru miliyan 600 da suka wuce.